Bulala, Kora ko Zaman Sulhu: Wace Hanya Makaranta Za Ta Bi Wajen Ladabtar da Ɗalibai?

Duk shugaban makarantar da ya zauna da malamansa a farkon shekarar karatu domin su tsara yadda za a riƙa ladabtar da ɗalibai zai tarar da hanyoyi uku a gabansa, ko da bai kira su da suna ba. Akwai horon jiki, wato bulala da danginta irin su kamun kunne, tsallen kwaɗo da durƙuso a rana. Akwai nisantar da mai laifi, kama daga fitar da shi daga aji, zuwa dakatar da shi na mako ɗaya ko biyu, har zuwa kora ta dindindin. Sai hanya ta uku, wadda baƙuwa ce a makarantun boko ko da yake zaurukan masu unguwanni sun daɗe da saninta: a zaunar da wanda ya yi ɓarna da wanda aka yi wa, a ji abin da ya faru daga bakin kowannensu, sannan a ɗora wa mai laifin nauyin gyara abin da ya ɓata. Wannan ita ake kira tsarin sulhu da gyara. A ganina ita ce ta fi cancanta ta zama ginshiƙin tarbiyya a makaranta, amma tana da sharuɗɗa masu nauyi waɗanda masu tallata ta ba su cika ambata ba, kuma gara shugaban makaranta ya san su tun kafin ya tsaya gaban iyaye ya yi alkawari.

Bulala ba ta daɗe a hannun malamai a banza ba. Ba ta cin kuɗi, ba ta cin lokaci, kuma malamin da yake fama da yara tamanin ko ɗari a aji ɗaya yakan ga sakamakonta nan take, domin ajin zai yi tsit. Iyaye da yawa ma ita suke so, har akan ji uba yana cewa ka ƙi naka duniya ta so shi, ko kuma a tuna wa yaro cewa wurin da bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Doka ma ta ba ta gurbi, domin sashe na 55 na tsohuwar dokar Final Kod ta Arewacin Najeriya bai ɗauki dukan da malami ya yi wa ɗalibi da niyyar gyara a matsayin laifi ba, muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Masu kare ta sukan kuma kawo hadisin da ya ambaci dukan yaro a kan salla idan ya kai shekara goma.

Sai dai malaman da suka yi rubutu a kan tarbiyya tun da can ba su sake wa malami hannu yadda ake zato ba. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 870, ya taƙaita horon ɗalibi a bulala uku, ya ce ba za a wuce hakan ba sai da iznin mahaifi, kuma ko da iznin ba za a haura goma ba. Ibn Khaldun, masanin tarihin da ya rasu a 1406, ya tafi gaba da haka, inda ya bayyana cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa karsashi, tana jefa shi cikin kasala, tana kuma koya masa ƙarya da yaudara, saboda yakan saba da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san gaskiyar wannan magana. Yaron da ake zane wa a kan makara yakan koyi tsallake katanga ta baya, wanda ake duka a kan aikin gida yakan koyi kwafe na abokinsa da sassafe, sannan bulalar ba ta tsayawa a hannun malami. Tana sauka hannun shugabannin ɗalibai, daga nan ta koma hannun duk wani ɗan aji shida da ya ga dama, har ta zama gadon da kowane ƙarami yake jiran ranar da zai karɓa ya rama a kan na bayansa.

Ƙasashe da dama a Afirka sun haramta ta a makarantu: Afirka ta Kudu a 1996, Kenya a 2001, hukumar ilimi ta Ghana kuma a 2017. Amma haramci a takarda bai isa ya sauke hannun malami ba. A gundumar Luwero ta Yuganda, inda ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka, masu bincike sun tarar fiye da rabin ɗaliban firamare sun ce wani ma'aikacin makaranta ya dake su a cikin makon da ya gabata. Malamin da aka karɓe wa bulala ba a ba shi komai a madadinta ba, ko dai ya ɗauko ta a ɓoye, ko kuma ya naɗe hannu ya zuba wa ajin ido.

Makarantu masu zaman kansu da suke son a ce sun waye sukan gudu daga bulala su faɗa wa dakatarwa da kora, suna ganin ai ba a taɓa jikin kowa ba. Amurka ta yi nisa a wannan hanya, kuma abin da ta girba ya isa darasi. A 1994 aka kafa dokar tarayya da ta wajabta korar duk ɗalibin da ya zo makaranta da bindiga na tsawon shekara guda, daga nan kuma gundumomi suka faɗaɗa manufar rashin sassauci har ta haɗa da rashin kunya ga malami da ƙananan faɗace-faɗace. Wani babban bincike da aka fitar a 2011, wanda ya bi diddigin ɗalibai kusan miliyan ɗaya a jihar Texas, ya gano cewa kusan shida cikin goma an taɓa dakatar da su ko korarsu aƙalla sau ɗaya a shekarun sakandare, alhali kashi 3 cikin 100 kacal na hukunce-hukuncen ne suka shafi laifuffukan da dokar jihar ta tilasta yin hakan a kansu. Saura duk ganin damar makaranta ne. Kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka hukunta sun maimaita aji, a yayin da kashi 5 kawai suka maimaita a cikin waɗanda ba a taɓa hukuntawa ba. Tun kafin nan, a 2008, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa ba ta samu hujjar da ke nuna manufar ta sa makarantu sun fi aminci ba.

A wajenmu haɗarin ya fi haka, domin yaron da aka ce ya zauna a gida mako biyu ba ɗaki zai shiga ya yi nadama ba. Tasha zai tafi, ko kasuwa, ko majalisar waɗanda suka riga shi barin karatu. Yarinya kuwa sau da yawa dakatarwar takan zama ƙarshen karatunta, saboda uban da dama yake ɗari-ɗari da boko ya samu dalilin da yake nema. A Najeriya, ƙasar da hukumar UNICEF ta ƙiyasta yara fiye da miliyan 10 'yan shekarun firamare ba sa zuwa makaranta, bai kamata makaranta ta riƙa ƙara yawansu a kan laifin da bai kai ya kawo ba. Duk da haka nisantarwa tana da aiki guda ɗaya da babu abin da zai maye gurbinta a kansa, wato kare sauran yara daga wanda ya zo da wuƙa, ko yake sayar da ƙwaya, ko ya yi wa wani lahani mai tsanani. Wannan gurbi nata ne, kuma duk tsarin da ya ce zai soke shi gaba ɗaya bai san makaranta ba.

Abin da bulala da kora suka yi tarayya a kai shi ne dukkansu suna kallon mai laifi ne kawai: wace doka ya karya, me ya cancanta. Wanda aka cuta ba ya cikin lissafi. A ɗauki misalin da ba ya ƙarewa a makarantun kwana, inda ɗan aji biyar ya fasa akwatin ɗan aji ɗaya ya kwashe masa garin kwaki, sukari da 'yan kuɗin da uwarsa ta ƙulle masa. Idan an zane babban a gaban asambile, ƙaramin bai samu garinsa ba, kuma da dare zai kwana a ɗaki ɗaya da abokan wanda ya jawo wa duka. Idan an dakatar da babban, zai dawo bayan mako biyu da ƙullin da ya fi na da.

A tsarin sulhu, malamin da aka horar zai fara ganin kowannensu shi kaɗai. Ba za a haɗa su ba sai babban ya amsa cewa ya aikata, sai kuma ƙaramin ya yarda da kansa zai zauna, tare da wani babba da ya amince da shi a gefensa. A zaman, tambayoyin ba su da yawa kuma ba a sauya su: me ya faru, me kake tunani a lokacin, wa abin ya shafa kuma ta yaya, me za ka yi don gyarawa. Ba a tambayar “don me ka yi”, saboda tambaya ce da ke kiran ƙarya da kare kai. Daga nan ƙaramin zai faɗi abin da ya same shi, watakila ya ce kwana uku ya yi yana kwana da yunwa, kuma ya kasa gaya wa uwarsa don ya san da kuɗin ƙosanta ta haɗa masa kayan. Yaro mai shekara sha bakwai da ya saba karɓar bulala goma bai ƙifta ido ba yakan kasa ɗaga kai idan ya ji irin wannan. A ƙarshen zaman a rubuta yarjejeniya: zai biya abin da ya ɗauka kafin ranar kaza, zai gyara makullin akwatin, zai faɗa wa 'yan ɗakinsu da bakinsa cewa babu wanda zai taɓa yaron, kuma malamin zai sake kiransu bayan mako biyu ya ga ko an cika. Wanda ya ɗauka wannan sassauci ne, bai taɓa ganin yaro yana ƙoƙarin haɗa ido da wanda ya zalunta ba.

Tsarin a yadda makarantun duniya suke amfani da shi yanzu ya samo tushe ne daga Niyu Zilan, inda dokar yara ta 1989 ta shigo da zaman tattaunawa da iyali a shari'ar ƙananan yara bayan koke-koken al'ummar Mawori, 'yan asalin ƙasar, cewa kotuna suna raba su da 'ya'yansu. Daga nan ya tsallaka Ostireliya, inda wata jami'ar ba ɗalibai shawara mai suna Margaret Thorsborne ta jagoranci zama irin wannan a wata sakandare ta jihar Queensland a 1994, kafin ya bazu zuwa Ingila, Kanada da Amurka.

Hujjojin bincike a kansa suna da ƙarfi, amma ba duka suka tafi gefe ɗaya ba, kuma a nan ne mai zaɓi ya kamata ya nutsu. A birnin Pittsburgh na Amurka, cibiyar bincike ta RAND ta raba makarantu 44 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 22 suka ɗauki tsarin na shekara biyu, aka fitar da sakamako a 2018. Dakatarwa ta ragu, musamman a firamare, tazarar da ke tsakanin ɗalibai baƙar fata da farare wajen hukunci ta ragu, malamai kuma sun ce yanayin makarantunsu ya gyaru. Amma a azuzuwa na 6 zuwa na 8, waɗanda suka yi daidai da ƙarshen firamare da farkon ƙaramar sakandare a wajenmu, sakamakon jarrabawa ya ja baya, kuma dakatarwa a kan faɗa da makami ba ta ragu ba. A Chicago, binciken da aka fitar a 2023 ya nuna dakatarwa ta ragu da kashi 18 cikin 100 a manyan sakandaren da suka ɗauki tsarin, kamun da 'yan sanda ke yi wa ɗalibai ya ragu da kashi 19, har da wanda ake yi a wajen makaranta, ba tare da karatu ya lalace ba. A kudu maso gabashin Ingila kuwa, gwajin da aka yi a sakandare 40 wanda mujallar Lancet ta buga a 2018 ya nuna cin zali tsakanin ɗalibai ya ragu kaɗan, shan taba da maye sun ragu, amma raguwar cin zalin ba ta fito fili a shekara ta biyu ba sai a ta uku. Shugaban makarantar da yake son ganin canji a zango ɗaya ya riƙe wannan.

Gwajin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Luwero, domin makarantu ne masu cunkoso da ƙarancin kayan aiki. Ƙungiyar Raising Voices ta tsara wani shiri wanda ba zaman sulhu zalla ba ne, amma ya ginu a kan tunani iri ɗaya: kwamitocin ɗalibai, malamai da iyaye, dokokin da aka rubuta tare da yara, da horar da malamai a kan ladabtarwa ba da duka ba. Bayan wata 18 a makarantun firamare 42, kashi 31 cikin 100 na ɗaliban makarantun da suka bi shirin ne suka ce an dake su a makon da ya wuce, a sauran kuwa kashi 49. Dukan bai ɓace ba, amma ya ragu sosai, kuma an yi hakan ne da malaman da ke wurin, ba da wasu ƙwararru da aka ɗauko daga waje ba.

Akwai zaɓi na biyu a cikin zaɓin, kuma shi ne yake raba makarantar da tsarin ya yi wa aiki da wadda ya zame wa wasan kwaikwayo. Wata makarantar takan ɗauki zaman sulhu kawai, ta ajiye shi a ofishin malamin ladabtarwa, a riƙa kiransa idan rikici ya tashi. Wata kuma takan fara daga gina zumunci tun babu rikici: malamin aji ya ware minti goma sha biyar ko ashirin sau ɗaya a mako, yara su zauna a da'ira, a riƙa miƙa wani abu hannu zuwa hannu, wanda yake riƙe da shi kaɗai ke magana, a tattauna abin da ya dame su a ajin da dokokin da suke so su bi. Hanya ta farko ta fi sauƙi da araha, sai dai ba a ɗinke ɓarakar da babu ƙyalle a gefenta, kuma yaron da bai taɓa jin cewa shi ɗan wannan aji ne ba, babu abin da zaman sulhu zai mayar da shi cikinsa. Hanya ta biyu tana cin lokacin darasi, tana buƙatar a horar da kusan kowane malami, kuma a ajin yara casa'in da'ira ɗaya ba za ta yiwu ba sai an raba su rukuni-rukuni ana juyawa mako bayan mako. Ina zargin wani ɓangare na koma-bayan karatun da aka gani a Pittsburgh daga nan ya fito, wato an ɗora wa malamai sabon aiki ba a rage musu tsoho ba, ko da yake wannan fahimtata ce.

Babban abin da nake tsoro game da shigo da tsarin makarantunmu ba rashin saninsa ba ne, a'a, sabon da muka yi da wani abu mai kama da shi. Mun san sulhu, Alkur'ani ya kira shi alheri, kuma dattawa suna yin sa kullum. Amma sau nawa sulhunmu yake ƙarewa da a dubi wanda aka cuta, musamman idan shi ne ƙarami ko talaka ko mace, a ce masa ya yi haƙuri, komai ya wuce, a sa su gaisa, a tashi? Ayar Suratul Hujurat da ta yi umarni da sulhu ta haɗa shi da adalci, kuma ta ce a tsaya wa wanda aka zalunta har sai mai zaluncin ya dawo kan hanya. Zaman da ya tilasta wa yaro yafiya, ko ya raba laifi biyu don kawai a zauna lafiya alhali ɗaya ne ya yi zalunci, ya fi bulala illa, domin ya koya wa wanda aka cuta cewa kai ƙara ba shi da amfani. Saboda haka a rubuta a dokar makaranta cewa ba dole ba ne wanda aka cuta ya halarta, ba dole ba ne ya ce ya yafe, kuma gyaran da aka yi alkawari za a bibiye shi. Haka nan akwai laifuffukan da ba sa shiga wannan zama ko kaɗan: cin zarafi ta hanyar lalata, duk laifin da malami ko wani babba ya yi wa ɗalibi, da cin zalin da aka daɗe ana yi wa yaro har ya kai ba ya iya magana a gaban mai yi masa. Waɗannan na hukuma ne da iyaye, kuma kiran su sulhu rufa-rufa ce.

Ga ƙaramar makaranta mai zaman kanta, ko Islamiyya mai yara talatin zuwa arba'in a aji, wadda malamanta ba sa yawan canzawa, babu dalilin tsayawa rabin hanya. Ta ɗauki tsarin gaba ɗaya, da da'irar mako da zaman sulhu, ta ajiye dakatarwa don manyan laifuffuka 'yan kaɗan da aka lissafa a rubuce, ta kuma ba kanta shekara uku kafin ta yanke hukunci a kansa. Babbar makarantar gwamnati mai ɗalibai dubu biyu ko uku ba za ta iya haka a tashi ɗaya ba, kuma idan ta gwada, malamai za su yi wa abin kallon wata sabuwar takarda daga ma'aikata. Ya fi mata ta fara da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, waɗanda ba su riga sun gaji al'adar gidan ba, ta zaɓi malamai uku ko huɗu da yara suka riga suka yarda da su, ta rage musu darasi ko da biyu ne a mako, sannan tsarin ya riƙa hawa aji tare da yaran. Makarantar kwana kuwa, kafin komai, ta karɓe ikon duka daga hannun shugabannin ɗalibai, ta horar da su a kan sasanta ƙananan saɓani na ɗakin kwana da layin abinci, domin a can ne yawancin zaluncin yake faruwa, bayan malamai sun tafi gida.

Iyaye su ne za su fara tayar da ƙura, kuma suna da haƙƙin yin tambaya. A taron iyaye da malamai kada a ce musu an daina hukunci, domin ba gaskiya ba ne, kuma jin haka zai sa wasu su kwashe 'ya'yansu. A nuna musu takardar yarjejeniya ta gaske da aka goge sunaye, su ga abin da aka sa yaro ya biya da abin da aka sa ya gyara, a kuma gayyaci biyu ko uku daga cikin dattawan kwamitin makaranta su riƙa zama a manyan zaman sulhu. Sannan a buɗe littafi tun ranar farko, a riƙa rubuta yawan faɗan da aka yi a kowane zango, yawan waɗanda aka dakatar, yawan yarjejeniyoyin da aka cika da waɗanda aka karya, da sakamakon jarrabawar azuzuwan da ke cikin tsarin. A ƙara da tambayar yaran da aka cuta, su kaɗai ba a gaban kowa ba, bayan wata guda, ko abin ya tsaya. Idan yawancinsu suka ce bai tsaya ba, to a dakatar da zaman a sake horar da masu jagorantarsa kafin a ci gaba.